Gwanayen da Suka Ɗora Ƙarin Ruwa a Ma'auni

Duk wanda ya taɓa jinyar yaro a asibiti ya san irin ajiyar zuciyar da uwa ke saukewa idan ta ga an rataye ledar ruwa, an samu jijiya, ruwa ya fara ɗiga. A wajenmu ƙarin ruwa shi ne shaidar cewa an fara aiki. Majinyaci na iya yi wa likita uzuri a kan komai, ban da ya bar mara lafiya kwance babu ruwa a hannu. Ko a kemis ɗin unguwa za ka ji ana roƙo: “Don Allah a ɗaura masa ko leda ɗaya ce, ya ji ƙarfin jikinsa.”

Ba mu kaɗai ke da wannan yaƙinin ba. Likitocin yara a Amurka da Turai sun daɗe suna koyar da cewa idan zazzaɓi mai tsanani ya kai yaro ga halin da jini ya kasa zagaya jiki yadda ya kamata, ƙafafu suka yi sanyi, bugun jijiya ya yi rauni, to abu na farko shi ne a buɗe ruwa a ɗura masa da sauri. Ƙa'idar ita ce mililita 20 a kan kowane kilo na nauyin yaro, a maimaita idan bai farfaɗo ba, har ya kai 60. Maganar tana shiga hankali: jijiyoyi sun saki, jini bai isa gaɓoɓi ba, sai a cika su. An rubuta ta a littattafai, an koyar da ita a makarantu, an yi jarrabawa a kanta. Amma ginshiƙinta ƙananan nazarce-nazarce ne na abin da aka gani a asibiti, irin wanda aka buga a Amurka a 1991 a kan yara 34 kacal. Babu wanda ya taɓa yin babban gwaji ya raba yara kashi biyu bisa ƙuri'a, ya ɗura wa waɗansu ruwa da sauri, ya bar waɗansu a kan ɗigon da aka saba, sannan ya ƙirga waɗanda suka rayu. Wa zai yi ƙarfin halin hana yaron da ke bakin mutuwa abin da duniya ta yarda shi ne ceto?

Waɗanda suka yi wannan ƙarfin halin likitoci ne da ma'aikatan jinya na Gabashin Afirka, kuma aikinsu nake so in yaba, in kuma bayyana yadda ake yin sa. Gudanar da binciken magani a ɗakin gaggawa sana'a ce mai zaman kanta, tana da dabarunta da ladubbanta. A ganina, babu reshen binciken likitanci da ya kai ta wuya.

Dalilin wuyar a fili yake. Mai binciken maganin hawan jini ko ciwon suga yana da lokaci. Zai zauna da mara lafiya a ofis, ya karanta masa takarda, ya ce ya je gida ya yi shawara da iyali ya dawo mako mai zuwa. A ɗakin gaggawa babu mako mai zuwa. An shigo da yaro tsakar dare yana jijjiga ko ya suma, uwa na kuka, uba bai ƙaraso ba, nas ɗaya ce a kan gadaje masu yawa. A cikin 'yan mintoci ake so a tantance ko yaron ya dace da binciken, a nemi yardar iyaye, a jefa ƙuri'a, a fara magani, a rubuta komai daidai, kuma duk wannan ba tare da an jinkirta ceton yaron ko da na daƙiƙa ɗaya ba. Idan aka yi sakaci a ɗaya daga cikinsu, ko dai an cuci yaro, ko an ɓata sakamakon da dubban yara za su dogara da shi nan gaba.

Binciken da nake magana a kai sunansa FEAST. An fara shi a Janairun 2009 a asibitoci shida: Kilifi a gaɓar tekun Kenya, Teule a garin Muheza na Tanzaniya, sai huɗu a Uganda, wato Mulago a Kampala, da Mbale, da Soroti, da Lacor kusa da Gulu. Jagorarsa Farfesa Kathryn Maitland ce, likitar yara 'yar Birtaniya da ta daɗe tana aiki a cibiyar bincike ta KEMRI da Wellcome a Kilifi. Tare da ita akwai likitocin ƙasashen, irin su Sarah Kiguli da Robert Opoka a Mulago, da Peter Olupot-Olupot a Mbale, da Charles Engoru a Soroti. Hukumar binciken likitanci ta Birtaniya ce ta ɗauki nauyi. Abin lura shi ne, ba don su ƙaryata ɗura ruwa suka fara ba. Sun yi imani zai yi amfani. Burinsu su tabbatar da haka, don abu mai araha irin ruwan gishiri ya zama ƙa'ida a asibitocin Afirka da ba su da na'urar taimaka wa numfashi. Har ma ƙananan gwaje-gwajen da aka yi a Kilifi kafin nan sun sa ana kyautata zaton cewa albumin, wato ruwan furotin da ake tacewa daga jinin mutum, zai fi ruwan gishiri.

Gwanintar farko tana cikin ido da hannu. Binciken ya ɗauki yara daga masu kwana 60 zuwa masu shekara 12, waɗanda zazzaɓi ya galabaitar har suka kasa zama ko shan nono, ko suka suma, ko numfashi ke yi musu wahala, kuma aka ga alamar jini ba ya zagayawa sosai. Ba da wata na'ura mai tsada ake gane wannan alamar ba. Ma'aikaci zai kama yatsan yaron ya danne farce har ya yi fari, ya saki, ya ƙirga a zuci. A jikin mai lafiya jan yana dawowa nan take. Idan sai da aka kai daƙiƙa uku ko fiye, akwai matsala. Sai ya ɗora bayan hannunsa a tafin ƙafar yaron ya yi sama da shi a hankali zuwa gwiwa. Idan ƙafar sanyi ƙalau amma cinya zafi rau, jiki ya fara janye jini daga nesa don ya tsare zuciya da ƙwaƙwalwa. Sai ya taɓa jijiyar wuyan hannu ya ji ko bugun na da ƙarfi ko kuwa siriri ne mai gudu. Duk wannan bai kai minti ɗaya ba a hannun gwani. Wahalar ita ce a horar da ma'aikatan asibitoci shida a ƙasashe uku har hannunsu ya zama ɗaya, yadda yaron da aka ce ya dace a Soroti, da a Kilifi aka kai shi haka za a ce.

Sun kuma san waɗanda ba za su taɓa ba. Yaro mai gudawa da amai da ruwan jikinsa ya ƙare, da mai ƙuna, da wanda ya ji rauni ya zubar da jini, da mai tamowa mai tsanani, duk an keɓe su. Waɗanda kuma awon jininsu ya faɗi ƙasa warwas, su 29 ne a duk tsawon binciken, ba a bar ko ɗaya babu ɗurin ruwa ba. Sanin iyakar tambayarka rabin aikin ne.

Sai maganar ambulan. A kowane asibiti an ajiye ambulan masu lamba a jere, a manne, masu kauri yadda ko an ɗaga su a fitila ba a ganin abin da ke ciki. Da zarar an tabbatar yaro ya dace, likita zai ɗauki na gaba a layi, ba wanda ransa ya so ba, ya farke. Katin da ke ciki shi ke faɗin ɗaya daga uku: albumin da sauri, ko ruwan gishiri da sauri, ko kuma ɗigon da aka saba kawai. Don a ga bambancin, ɗauki yaro mai kilo 10. Ɗigon yau da kullum zai ba shi mililita 25 zuwa 40 a cikin awa guda. Ɗurin sauri zai ba shi 200 a wannan awar, kuma daga tsakiyar 2010 an ɗaga adadin zuwa ninki biyu.

Me ya sa sai an cire hannun likita daga zaɓin? Manomin da ke son sanin ko sabon taki na da kyau, idan ya zuba shi a ɓangaren fadama ya bar jigawa babu, ranar girbi ba zai san ko takin ne ya yi aiki ko ƙasar ba. Zuciyar likita haka take, tana karkata ba tare da ya sani ba. Idan ya ga yaron da ya fi galabaita, hannunsa zai kai ga abin da ya yarda da shi. Idan aka bari haka, rukuni ɗaya zai cika da masu tsananin ciwo, sai lissafi ya rikice. Ƙuri'a ba ta da tausayi ba ta da son kai, shi ya sa idan yara suka kai dubbai, sai ka samu masu maleriya da masu ƙarancin jini da ƙanana da manya sun rarrabu daidai a kowane rukuni. Haka kuwa aka samu. Kashi 57 cikin 100 na yaran suna ɗauke da maleriya, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma jininsu ya yi ƙasa matuƙa, kuma rukunan uku sun yi kama da juna a kan waɗannan duka. Ina jinjina wa likitan da zai farke ambulan ya ga an ce kada a ɗura, alhali zuciyarsa na cewa a ɗura, ya kuma bi abin da katin ya ce. Wannan tawali'u ne na gaske: amincewa cewa abin da ka yarda da shi bai zama ilimi ba sai an auna.

Kada a ɗauka an yi watsi da waɗanda ba a ɗura wa ruwa ba. Kowane yaro, ko wane kati ya faɗa masa, ya samu allurar kashe ƙwayoyin cuta, da maganin maleriya idan yana da ita, da suga idan na jininsa ya sauka, da iskar oksijin, da ƙarin jini idan yana buƙata. An horar da ma'aikata kan tantance wanda ya fi galabaita tun daga bakin ƙofa, don kada ya tsaya a layi. Ana duba yaro a rubuta halinsa bayan awa 1, da 4, da 8, da 24, da 48. Abu ɗaya tak ya bambanta rukunan, shi ne saurin ruwan da irinsa.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi a wajen mai karatu ɗan Arewa, wato neman izini. Ba za a yi mana zancen gwajin magani a kan yara marasa lafiya ba tare da mun tuna Kano ta 1996 ba. A lokacin annobar sanƙarau ta shekarar, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200. Yara 11 sun rasu, waɗansu sun tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye sun kai ƙara suna cewa ba a sanar da su gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya samu yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tabon bai tsaya a nan ba, don yana cikin abin da mutane suka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Duk wanda ya ce mutanenmu ba su da dalilin ɗari-ɗari, bai san tarihinsu ba.

To yaya mai gaskiya zai nemi izinin uwar da ɗanta ke shure-shure a gabanta? Miƙa mata takarda mai shafi huɗu ta dangwala yatsa ba izini ba ne, ko da an samu dangwalen. Masu FEAST sun zauna da kwamitocin ɗa'ar bincike na ƙasashen tun kafin a taɓa yaro ko ɗaya, aka amince da hanya mai mataki biyu. Idan hali ya yi tsanani, ma'aikaci zai yi wa uwa ko uba gajeren bayani da harshensu: ana gudanar da bincike a kan yadda ake ba yara ruwa, ga abin da ya ƙunsa, kuna da ikon ƙi, kuma ko kun ƙi za a kula da yaronku. Idan sun amince da baki, sai a ci gaba. Bayan yaro ya samu sa'ida, hankali ya ɗan kwanta, sai a dawo a zauna da su a yi cikakken bayani, su sa hannu ko su janye. Bambancin wannan da yardar baki ta jeka-na-yi-ka shi ne, an rubuta tsarin tun farko, wasu daban sun duba shi, kuma akwai masu zuwa su bincika ko an bi. Ba su tsaya nan ba. Masu nazarin zamantakewa ƙarƙashin Sassy Molyneux sun koma sun tattauna da iyaye da ma'aikata, suka buga abin da suka ji a 2013, har da cewa waɗansu iyayen, saboda ruɗewar lokacin, ba su riƙe duk abin da aka faɗa musu ba. Mai niyyar ɓoye abu ba ya aika a tono masa gazawarsa ya kuma buga ta duniya ta karanta.

Sai ƙidaya. Masu binciken sun zaɓi ma'aunin da ba ya karɓar gardama: bayan awa 48, yaron na raye ko ya rasu? Ba su ce “ya ji sauƙi” ko “ya fi kyan gani” ba, don waɗannan idon mai so na iya ƙawata su. Sun kuma bi yaran bayan mako huɗu don ganin wanda ya rayu da wanda cutar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa. Wani kwamiti da bai san rukunin da kowane yaro yake ba shi ke nazarin sanadin kowace mutuwa. Su kansu jagororin binciken an rufe musu jimillar sakamakon. Masu ganin lissafin yadda yake taruwa wasu masana ne 'yan ƙalilan masu zaman kansu, waɗanda ke zama lokaci-lokaci, kuma aikinsu ɗaya: idan suka ga ɓangare guda ya rinjaya a fili, ko ana cutuwa, su ce a tsaya.

A Janairun 2011 suka ce a tsaya. An shirya ɗaukar yara 3,600, an kai 3,141. Ga abin da aka gani. Cikin yara 1,050 da aka ɗura wa albumin, 111 sun rasu cikin awa 48. Cikin 1,047 da aka ɗura wa ruwan gishiri, 110. Cikin 1,044 da aka bari a kan ɗigon da aka saba, 76. Wato kashi 10.6 da 10.5 a ɓangaren ɗuri, kashi 7.3 a ɓangaren da ba a ɗura ba. A kowane yara 100 da aka ɗura wa ruwa da sauri, an yi asarar ƙarin rai uku. Bayan mako huɗu tazarar na nan. An duba masu maleriya da marasa ita, masu ƙarancin jini da masu isasshen jini, asibiti bayan asibiti, ba a samu rukunin da ɗurin ya amfana ba.

Mukan ce gani ya kori ji, amma a nan gani ne ya yaudari kowa. Ma'aikatan da suka yi aikin da hannunsu sun ga yara na farfaɗowa bayan ɗurin: ƙafa ta ɗau ɗumi, bugun jijiya ya cika, yaro ya buɗe ido. Kuma ba ƙarya suka gani ba. Da aka koma kan bayanan, an tabbatar cewa bayan awa ɗaya alamun tsayawar jini sun fi gushewa a yaran da aka ɗura wa ruwa. Mutuwar daga baya take zuwa, bayan wasu awoyi, wataƙila a hannun wani ma'aikacin da ya karɓi aiki, kuma kowa zai ɗora ta a kan tsananin cutar. Ƙarin mutum uku cikin ɗari ba abu ne da idon likita ɗaya zai kama ba, ko da ya shekara talatin a ɗakin yara. Sai an tara dubbai, an raba su da adalci, an ƙirga. Wannan shi ne dalilin wanzuwar sana'ar gaba ɗaya. An zaci ruwan ne ke cika huhu ko ya kumbura ƙwaƙwalwa, amma nazarin da suka buga a 2013 ya nuna yawancin ƙarin mutuwar ta hanyar durƙushewar zuciya da zagayen jini ta zo. Har yau masana na muhawara a kan yadda hakan ke faruwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da suka yi da sakamakon da ya rushe fatansu. Sun buga shi yadda yake a mujallar New England Journal of Medicine a 2011, ba kwaskwarima. Suka sha suka daga ko'ina. Wasu suka ce yaran ba su kai matsayin da ake nufi ba, wasu suka ce ƙarancin jini ne ya jawo, wasu suka ce abin na Afirka ne kawai. Suka riƙa amsawa da lissafi, tambaya bayan tambaya. Mujallar BMJ ta zaɓi aikin a matsayin takardar bincike ta shekara a 2012. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lokaci, sai a 2016 ta taƙaita ɗurin ruwa ga yaran da alamu uku suka haɗu a jikinsu, wato sanyin hannu da ƙafa, da jinkirin dawowar jan farce, da bugu mai rauni da sauri, ta kuma ce a ba da shi kaɗan kuma a hankali. A 2017 wani gwaji a Lusaka ta Zambiya a kan manya 209 masu guba a jini ya nuna irin wannan: kashi 48 sun rasu a ɓangaren da aka matsa da ruwa da sauran matakan gaggawa, kashi 33 a ɓangaren kulawar da aka saba.

A nan dole in ja kunne, don kada magana ta juye. Binciken bai ce ƙarin ruwa guba ba ne. Mai amai da gudawa da idonsa ya zurma, ruwa ne ke ceto shi, kuma da gaggawa. Haka mai ƙuna, haka wanda ya zubar da jini kafin a samo masa jini. Abin da aka gano ya shafi yaro mai zazzaɓi mai tsanani wanda ruwan jikinsa bai tsiyaye ba, a asibitin da babu sashen kulawa ta musamman. Don haka idan likita ya rage gudun ruwa ko ya ce ba a buƙatar leda ta biyu, ba lalle rowa ko sakaci ba ne.

FEAST ba shi ne karo na farko da ƙidaya ta kayar da al'adar asibiti ba. Shekaru sama da talatin ana yi wa masu raunin kai allurar sitiroyid don rage kumburin ƙwaƙwalwa, har sai da gwajin CRASH a kan mutum 10,008 ya nuna a 2004 cewa kashi 21 na waɗanda aka yi wa sun rasu cikin mako biyu, waɗanda ba a yi wa ba kashi 18. Wani lokacin kuma ƙidayar albishir take kawowa. Gwajin AQUAMAT a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da asibitin koyarwa na Ilorin, ya nuna a 2010 cewa allurar atesunet ta fi kwinin ceton masu maleriya mai tsanani, kashi 8.5 na mutuwa a kan 10.9. Duk yaron da aka yi wa wannan allurar a asibitocinmu yau, yana cin gajiyar iyayen da suka amince a sa 'ya'yansu a ƙuri'a.

Matanmu ma sun ba da nasu kason. Zubar jini bayan haihuwa na kan gaba wajen kashe masu jego, kuma gaggawa ce da ba ta jira. A gwajin WOMAN, da aka buga a 2017, mata 20,060 a asibitoci 193 na ƙasashe 21 suka shiga, sama da 5,000 daga cikinsu 'yan Najeriya. Dabarar a nan kwalaye ne masu kama ɗaya sak, wani na ɗauke da maganin tsayar da jini na tiranekzamik asid, wani ruwan da ba magani a ciki, yadda ungozoma da likita da mai jego babu wanda ya san me aka bayar. An gano maganin na rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka ba da shi cikin awa uku da haihuwa, kuma a shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ƙa'idarta.

Sai aikin E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. Tambayarsu ta faro ne daga abin da kowace ungozoma ta sani: ido ba ya iya kimanta jinin da ya jiƙa zani da katifa, sai a ankara bayan mace ta galabaita. Suka kawo wata leda mai aljihu da layukan awo da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jini na taruwa a ciki ana karanta adadinsa. Da ya kai mililita 500, ba jira, a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, allurar tsuke ta, maganin tsayar da jini, ruwa, da duba inda jinin ke fitowa. A nan asibitoci aka jefa wa ƙuri'a, ba ɗaiɗaikun mata ba, guda 80 a Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, da haihuwa sama da 210,000. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna gano zubar jinin ya tashi daga kashi 51 zuwa 93, mummunan sakamako kuma, wato zubar jini mai tsanani ko tiyata ko mutuwa, ya sauka daga kashi 4.3 zuwa 1.6. Wannan aiki da hannun 'yar Kano a cikinsa, shekara 27 bayan Trovan.

Saboda haka nake kira ga asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Damagaram: ɗakunan gaggawarku cike suke da tambayoyin da ba wanda zai amsa muku su daga Landan, daga saran maciji zuwa jijjigar masu ciki zuwa sanƙarau. Ku horar da nas-nas da ƙananan likitoci wannan sana'a, ku ƙarfafa kwamitocin ɗa'a, ku faɗa wa jama'a sakamako da harshensu, mai daɗi ne ko mai ɗaci. Kai kuma mai karatu, idan wata rana aka tare ka a bakin gadon ɗanka ko matarka aka ce ana wani bincike, kada ka gudu, kada kuma ka dangwala yatsa ido rufe. Ka tambaya wane kwamiti ne ya amince da shi, me za a yi wa mara lafiyarka idan ka ƙi, kuma ko kana iya janyewa daga baya. Dokar ɗa'ar binciken lafiya ta Najeriya, wadda aka fitar a 2007, ta ba ka haƙƙin jin amsar duka ukun.